Burodin da Ba Ya Jiran Kowa

Babu ɗalibin makarantar kwana da za a koya wa darajar burodi. Mun san mai laushi, mun san wanda ya kwana uku, mun kuma san yadda ake raba guda ɗaya tsakanin mutum shida ba tare da an yi faɗa ba, ko kuwa a yi faɗan kaɗan. Amma da za a tare kowannenmu a tambaye shi abin da ke sa burodi ya kumbura, na tabbata amsa guda za a samu, watau yis. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karatu, akwai wani burodi da ba ruwansa da yis. Ba a murza shi, ba a rufe shi a jira ya tashi, kuma shi ne abincin yau da kullum na mutanen ƙasar Ailan tun kusan shekara 200 da suka wuce. Labarinsa nake so in ba ku, tare da labarin wani inji da ya zo gidanmu daga can ƙasar.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Ailan. Da ta zo ganin gida a watan Disamba na 2023, cikin tsarabar da ta kawo wa Umma har da injin yin burodi. Girmansa bai fi bokitin wanka ba. In ka ɗaga murfinsa za ka ga wani gwangwani mai zurfi, a gindin gwangwanin akwai ɗan ƙarfe kamar harshe wanda ke juyawa, a kewayensa kuma daga ƙasa akwai zoben ƙarfe mai yin zafi irin na hitar ruwa. A murfin an sa ɗan gilashi don mai leƙe. Abin da ya fara burge Baba shi ne kan wayarsa ya shiga soket ɗinmu daidai, ba a nemi wani mahaɗi ba, domin su ma mutanen Ailan soket mai ƙafa uku irin na Ingila suke amfani da shi, ƙarfin wutarsu kuma ɗaya ne da namu.

Irin wannan inji a Japan aka fara sayar da shi, a tsakiyar shekarun 1980, kamfanin Matsushita wanda yanzu ake kira Panasonic yana cikin waɗanda suka fara fito da shi. Aikinsa shi ne ya ɗauke wa mutum duk wahalar burodin yis. Ka zuba ruwa da fulawa da gishiri da sukari da yis, ka danna maɓalli, ka tafi sha'aninka. Shi zai kwaɓa, ya murza, ya ɗumama kwaɓin har ya tashi, ya sake bugunsa, ya bar shi ya ƙara tashi, sa'an nan ya gasa. Lalle wanda ya ƙirƙiro shi ya yi tunani. Sai dai ya yi tunaninsa ne a ƙasar da ba a ɗauke wuta, gama duk wannan aiki yana cin awa 3 zuwa 4, kuma a cikin awoyin nan injin ba ya son wuta ta ƙifta. In an ɗauke na 'yan mintoci kaɗan yana iya tuna inda ya tsaya. In ta daɗe, shi ke nan, ya mance kome.

Ba sai na gaya wa kowa yadda wutar unguwanninmu take ba. Sau uku Umma ta gwada injin bayan komawar Yaya. Sau ɗaya ya ba mu burodi mai kyau. Sau biyun kuwa masu wuta suka ɗauke kayarsu a tsakiyar aiki, kwaɓin ya yi ta tashi shi kaɗai a cikin duhu har ya taɓo murfi, ya koma ya zube ya yi tsami. Fulawa kuwa ta riga ta yi tsada tun 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya taɓa alkamar duniya, mu kuma yawancin alkamar da muke ci daga waje ake shigo da ita. Ƙanena ya kawo shawarar a riƙa tayar da janareto. Baba ya dube shi ya ce, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 bai ga burodin da ya isa a ƙona masa mai na awa 4 ba. Daga nan Umma ta goge injin, ta mai da shi kwalinsa, ta ɗora a kan kabad. In Yaya ta bugo waya ta tambayi labarinsa, sai Umma ta ce, "Yana nan lafiya lau." Gaskiya kuwa ta faɗa, don babu abin da ya same shi.

Da haka maganar za ta mutu, ba don lafiyar Baba ba. Likita ya gano yana da ciwon suga, ya hana shi abubuwa da dama, ya kuma ce ya yi hankali da burodin kanti. Kowa ya sani burodinmu na Nijeriya da sukari ake yinsa, wani ma har ya fi kama da kek. Baba kuwa mutum ne da tun yana saurayi ba ya karya kumallo sai da shayi da burodi. An cire masa sukari a shayi ya haƙura, amma burodin nan ya tsaya masa a rai. Kullum da safe sai ya zauna a gaban faten wake ko dafaffen ƙwai, yana kallon ƙannena suna tsoma nasu a shayi, ba ya cewa kome. Shirun nan ya fi damun Umma bisa ga a ce ya yi faɗa.

A hutun Agusta na 2024 ina gida, Yaya ta kira ni ta ce, "Ke, ɗauko biro da takarda. Akwai burodin da ake ba marasa lafiya da shayi a nan, babu sukari a cikinsa ko kaɗan in an yi shi yadda tsofaffi ke yi. Wata dattijuwa da muke aiki tare ta gaya mini yadda uwarta take yi." Na gyara zama ina tsammanin dogon lissafi. Sai ta ce gari, gishiri, bekin soda, da nono mai tsami. Na yi shiru ina jiran saura. Ta ce, "Babu saura. Huɗu ne." Na ce, "Yaya, yis ɗin fa?" Ta ce babu. Na ce awa nawa zai yi kafin ya tashi? Ta yi dariya ta ce, "In kika bar shi ya jira ma kin ɓata shi."

Kafin in shiga maganar yadda aka yi, bari in ɗan kai ku ƙasar da burodin ya fito, domin ba a gane shi sai an san mutanensa. Ailan tsibiri ne a yammacin Ingila, babban birninta Dablin. Mu nan mun fi sanin sunanta a bakin masu sayar da dankalin Turawa, wanda a kasuwa ake ce wa airish, ko da yake asalin dankalin daga Amurka ta Kudu yake. Mutanenta ma ba baƙi ba ne a arewa, don sistocin St. Louis da suka sauka Kano a 1948 suka buɗe makaranta daga can suka zo. Ƙasa ce mai sanyi da yawan ruwan sama da ciyawa, saboda haka shanu suna jin daɗinta. Amma alkamar da ke yi a irin wannan yanayi mai taushi ce, ba ta da yawan sinadarin danƙon nan da ake kira gulutin. Burodin yis kuwa danƙo yake so, don shi ne ke riƙe iska a cikin kwaɓi na tsawon awoyi, kamar yadda balan-balan ke riƙe iska. Ga shi kuma talakan ƙauye a wancan zamani ba shi da tanderu. Abin da yake da shi murhu ne a jikin bangon ɗaki, da wata baƙar ƙasar fadama da suke yankawa kamar tubali su shanya ta bushe su hura wuta da ita, da tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku da murfi. Nono kuma ba ya yankewa, gama kowace mace tana kaɗa man shanu, a sayar da man, ruwan nonon da ya rage ya zauna a gida.

Wajen shekarun 1830 zuwa 1840 bekin soda ya fara samuwa a ƙasar da araha. Nan abin nema ya samu: ga gari mai taushi, ga nono mai tsami, ga soda, ga tukunya. Sai mace ta kwaɓa, ta sa a tukunya ta rufe, ta rataye ta bisa wuta, ta ɗebi garwashi ta zuba a kan murfin, kafin awa guda ga burodi. Ba da daɗewa ba aka shiga babbar yunwar nan ta 1845 zuwa 1852, sa'ad da wata cuta ta ruɓar da dankali a gonaki, alhali shi ne kusan dukan abincin talaka. A ƙasar da mutanenta suka ɗara miliyan 8, kimanin miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 kuma suka yi ƙaura, yawanci zuwa Amurka da Ingila. A lokacin ne aka riƙa shigo da masara daga Amurka, har wasu suka saba haɗa garinta a cikin burodinsu. A shekarun da suka biyo bayan yunwar burodin soda ya zauna da gindinsa a gidaje. Jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka, da suka samu wadata, sai suka riƙa ƙara masa zabibi da sukari da ƙwai da man shanu, musamman ranar 17 ga Maris da suke bikin ƙasarsu. Dattijuwar nan abokiyar aikin Yaya ta ce wannan kek ne, kada a ɓata wa burodi suna.

Abin da ke faruwa a cikin kwaɓin kuwa duk wanda ya zauna ajin kimiyya ya san shi, ko da bai san ya sani ba. Bekin soda shi ne sodiyam bayikabonet. In ya gamu da abu mai tsami, nan take sai ya saki iskar kabon dayoksaid. Wanda yake shakka ya zuba rabin cokali a kofi ya matsa masa lemon tsami, ya ga yadda zai yi kumfa yana shuuu. Ita ce dai iskar da yis ke bayarwa. Bambancin shi ne yis abu ne mai rai, sai ya ci ya ƙoshi sannu a hankali yake sakin iskar, shi kuwa soda a gaggauce yake sakin tasa, kuma in ta fita ta fita ke nan. Shi ya sa daga lokacin da nono ya taɓa gari ake tsere da lokaci. A kuma lura, bekin soda daban, bekin foda daban. Shi foda an riga an haɗa masa tsaminsa a cikin gwangwani. Mai kantin unguwarmu ya so ya ba ni foda ya ce duk ɗaya ne, na ce masa a'a.

Ina cikin bayyana wa Umma wannan a tsakar gida, ina ta jero sunayen sinadarai, sai Kaka da ke gefe tana tsince shinkafa ta ɗago kai ta ce, "Kishiya, duk wannan Turanci da kike yi, ba tsami da kanwa kike nufi ba? In ƙullun waina ya yi tsami me ake zuba masa? Ba ki taɓa ganin yana kumfa ba?" Kowa ya yi dariya, amma maganarta tana kan hanya. Kanwa da bekin soda 'yan gida ɗaya ne, don a cikin kanwa akwai sodiyam kabonet da bayikabonet, gauraye da gishiri da ƙasa. Nonon da ake so kuma ba wani baƙon abu ba ne, shi ne wanda matan Fulani ke kawowa bayan sun kaɗa sun cire mai. A Ailan ta yau yawancin mutane na kwali suke saya a kanti, wanda aka tsamar a masana'anta. Watau mu da muke saye a ƙwarya mun fi kusa da abin da kakanninsu suka yi amfani da shi. Da na gaya wa Yaya haka sai ta ce za ta faɗa wa dattijuwar, ta san za ta ji kishi.

Sai maganar inji, kuma a nan ne abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Duk gwanintar injin nan murza ce da jira, burodin nan kuwa abu biyu da ya ƙi jini a duniya su ne murza da jira. In aka murza kwaɓin soda, danƙon gari ya farka, iskar ta tsere, sai a sami abu mai tauri kamar tubali. Saboda haka maɓallin burodi na yau da kullum, wanda shi ne na farko a jikin injin, ba a taɓa shi sam. Haka nan agogon nan da ake sa wa don a zuba kaya da dare a tarar da burodi da asuba, ba shi da amfani a nan, don kafin gari ya waye soda ya gama aikinsa a banza, nonon kuma ya kwana cikin zafinmu. Ashe aikin mai yin burodin soda a inji shi ne ya hana injin nuna bajintarsa.

Hanya biyu ce. Yawancin injinan suna da maɓallin kek, wanda ke juya kaya na 'yan mintoci ya wuce gashi kai tsaye ba tare da jiran tashi ba. A wannan hanya nono ake fara zubawa, sa'an nan garin da aka riga aka gauraya da soda da gishiri, a tsaya a kai da cokalin katako ana turo garin da ya maƙale a kusurwa. Yana yi, ba laifi. Amma namu injin yana juyawa fiye da yadda burodin ke so, sai cikinsa ya ɗan cushe. Hanya ta biyu ita na fi so, ita kuma muke bi har yanzu. A cire ɗan harshen nan mai juyawa gaba ɗaya a ajiye, a shafa mai a gwangwanin, a yi kwaɓin da hannu a roba, a juye a ciki, a danna maɓallin gashi zalla. Wannan hanya tana da wani alheri kuma: burodin ba ya fitowa da ramin nan da harshen ke bari a gindinsa.

Ga yadda nake aunawa. Gari giram 450, watau wajen gwangwanin madara 5. Gishiri cokalin shayi 1. Bekin soda cokalin shayi 1, shafaffe, ba mai tozo ba. Wannan shafewa ba wasa ba ce, don soda in ya yi yawa burodi yana yin ruwan ɗorawa, ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Nono kuma gwangwani 2 da ɗan ƙari, tsakanin mililita 350 da 400. Garin da muke amfani da shi kashi biyu alkama ce da Umma ke saya a kasuwa a kai injin niƙa, ba a tankaɗe dusar, kashi ɗaya kuma farar fulawa. Irin wannan mai duhu shi ne mutanen Ailan suka fi ci kullum, kuma niƙan unguwa mai ɗan tsakin nan ya dace da shi fiye da gari mai laushi. Sodan kam sai an tankaɗe shi cikin garin, domin ɗan ƙullutu ɗaya in ya ɓuya, wanda ya tauna shi ba zai manta ba. Sa'an nan a yi rami a tsakiyar garin, a zuba nono, a buɗe yatsu kamar ƙafar kaza a juya daga tsakiya zuwa gefe. Da zarar gari ya daina gani a tsaya, ko da kwaɓin yana kama hannu, ko da bai yi kyan gani ba. Duk aikin bai kai minti 2 ba. Wannan tsayawa ita ce ta fi wuya ga wanda ya saba kwaɓin alkubus ko fanke, hannu yana ta ƙaiƙayi yana so ya buga.

Nonon ƙwarya ba kullum tsaminsa yake ɗaya ba, wani lokaci ma an ɗan sirka shi da ruwa. Don haka Kaka ce ma'auninmu. Takan ɗanɗana da bakin ludayi ta ce ya yi, ko ta ce a matsa masa rabin lemon tsami. Ran da babu nono, madara da ruwan lemon tsami cokali 1 ko 2 a bar ta minti 10 tana tsayawa a madadinsa, sai dai ƙamshin ba ya kai na nono.

Gashi yana cin minti 50 zuwa awa 1. In an juye shi sai a ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa, in ya yi ƙara kamar ganga ya nuna. Sai a naɗe shi da tsumma mai tsabta ya huce, don ɓawon ya yi laushi. Awa 1 ke nan a maimakon 4, kuma ko wutar unguwarmu takan iya yin haƙurin awa 1 in an dace.

Da na aika wa Yaya hoton na farko, sai ta ce ɗanɗano ba ta sani ba, amma wannan siffa ba ta Ailan ba ce. Tana da gaskiya. Na asali zagayayye ne, mai faɗi kamar faifai, da ɓawo mai kauri da ƙamshin gashi, an tsaga samansa biyu a gicciye. Tsagar nan tana barin zafi ya shiga tsakiya, tana kuma sa a iya ɓalla shi gida huɗu da hannu. Mutanen can, da yake yawancinsu Katolika ne, suna ɗaukarta alamar albarka, tsofaffinsu kuma sukan ce ƙofa ce da ake buɗe wa aljanu su fita daga burodin. A arewacin tsibirin ma ba sa sa shi a tukunya, sai su faɗaɗa kwaɓin su yanka gida huɗu su gasa a kan faffaɗan kasko. Namu na inji kuwa dogo ne mai kusurwa huɗu, samansa fari fat domin zafin daga ƙasa yake zuwa, tsaga ɗaya nake yi masa a tsawonsa don kada ya fashe ta gefe. In gasar kyau za a shiga, ba zai zo ko na uku ba.

Kaka ba ta bar maganar kanwarta ba, sai da aka gwada. Ta jiƙa ungurnu da kanta, ta tace, aka zuba a madadin soda. Burodin ya tashi, ko da yake bai kai na soda ba, launinsa ya yi duhu, ƙamshinsa kuwa sak na ɗanwake. Matsalar kanwa ita ce ba a san ƙarfinta ba, ta yau daban ta gobe daban, ba kamar sodan kanti da cokali ɗaya kullum cokali ɗaya ne ba. Ƙannena suka gutsura suka ajiye. Kaka ta cinye nata da man shanu, ta ce ita dai ya fi mata na Turawan, kuma har yau ba ta janye ba.

Ran da na fi gane burodin nan wata Asabar ce da hadari ya taso. Na sa kwaɓi ya yi kamar minti 20 a inji, sai aka ɗauke wuta, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Umma ba ta ce uffan ba. Ta jawo babbar tukunyar da take gashin kek ɗin salla, ta zuba yashi a gindinta, ta ɗora a kan gawayin da ke ci a kicin, ta sa tsumma ta ciro gwangwanin daga inji ta zaunar da shi a kan yashin, ta rufe, ta kwashi garwashi ta zuba a kan murfi. Ina tsaye ina kallo, sai na ga ai wannan ita ce tukunyar matan Ailan da na karanta, ba abin da ya bambanta sai ƙafafu uku da irin makamashin. Umma ba ta taɓa jin labarinsu ba. Burodin ranar kuwa ya fi duk na baya, don a karo na farko samansa ya yi ja ya yi ɓawo. Tun daga ranar, in akwai baƙi ko ana son na nuna wa mutane, zagayayye ake yi a tukunya. Injin kuma yana da ranarsa: safiyar da babu mai lokacin hura gawayi, ba a son hayaƙi, ba a son tsayuwa a kai. Ka danna ka tafi wanka.

In wani cikin iyayenmu ya tambaye ni ko ya sayi injin saboda wannan burodi, zan ce ya riƙe kuɗinsa, tukunya da yashi sun isa. Amma wanda yake da shi a kan kabad cikin kwali, kamar yadda namu ya yi wata bakwai, to ya sauko da shi.

Baba fa? Ranar farko ya karɓi yankan, ya juya shi gaba da baya, ya shinshina. Ya ce, "Wannan burodi ne ko tuwo?" Na ce, "Ku dai ɗanɗana, Baba." Gaskiya ne, wanda ya saba da burodin kanti mai laushi kamar auduga zai ga wannan da nauyi. Ba ya lanƙwasuwa, marmashi yake yi, yana da ɗan tsami-tsami da ƙamshin alkama irin na gurasa. Ba ya shan shayi ya narke, sai dai a ci a kurɓa. Baba ya ci shiru, ya miƙo hannu a ƙara, Umma ta ce a'a. Likitansa da aka kai masa bayani ya ce rashin sukari da barin dusa abu ne mai kyau, amma alkama alkama ce, tana komawa suga a jiki, saboda haka yanka ɗaya ko biyu marasa kauri, tare da ƙwai ko wake, a kuma ci gaba da awo. A kan haka aka tsaya. Yanzu in Yaya ta bugo waya, Baba ne ke karɓewa ya ba ta labarin injin, har yana cewa tun farko shi ya san abin zai yi amfani. Umma takan dube ni, ni kuma in dubi ƙasa.

Abu ɗaya da ba a iya yi wa burodin nan magani shi ne ba ya ajiyuwa. Babu mai a cikinsa, babu sukari, babu maganin hana lalacewa, don haka ranar da aka yi shi ya fi daɗi, washegari sai an ɗumama shi a kasko, rana ta uku kuwa sai dai a jiƙa wa kaji. Shi ya sa matan Ailan na da kusan kullum suke yin sabo. 'Yan ɗakinmu da suka ji labari sun matsa mini in zo musu da shi ranar komawa makaranta, a ajiye a akwati a riƙa ci da kaɗan-kaɗan har mako biyu kamar yadda muke yi da cincin. Na ce musu wannan ba ya zaman akwati. Mai son ci ta biyo ni gida ran hutun rabin zango, ta taho da man shanunta, don Kaka ba ta ba da nata.